Ƙananan motocin rimot: Yadda manya ke haɗa su, su farfaɗo da tsofaffi, su ƙara musu ƙarfi

Yawancin mutane sun san motar rimot a matsayin abin wasan da ake saya wa yaro lokacin Sallah, ya yi mako biyu da ita ta lalace a jefar. Akwai wani nau'in daban, wanda manya a Japan da Turai da Amurka ke kashe wa kuɗi da lokaci. Irin wannan mota tana da giya da shokozoba da sitiyari, ana warware ta kusa bayan kusa, kuma duk abin da ya lalace a jikinta akwai madadinsa a kasuwa. Nan ne babban bambancin yake: abin wasa idan ya karye an gama da shi, ita kuwa wannan an ƙera ta ne domin a riƙa gyarawa.

Asalin abin

Ba a maganar wannan sha'awa sai an ambaci kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuwoka a Japan. Yoshio Tamiya ne ya kafa shi a shekarar 1946 a matsayin wurin yankan katako, daga bisani ya koma ƙera ƙananan samfuran jirage da motoci. A 1976 ya fitar da motarsa ta rimot ta farko, kwaikwayon Porsche 934, wadda girmanta kashi ɗaya ne cikin 12 na motar gaske. Sai da kamfanin ya sayi Porsche ta gaske ya warware ta domin ma'aikatansa su auna sassanta.

Shekarun 1980 ne kasuwar ta buɗe. A 1984 Tamiya ya fitar da Grasshopper da Hornet, motoci masu araha da ke gudu a kan ƙasa da tsakuwa, sai Hotshot mai jan ƙafa huɗu a 1985. A Amurka kuma kamfanin Team Associated ya fitar da RC10 a 1984, wadda ta ci gasar duniya a shekarar da ta biyo baya. Ƙungiyar IFMAR, da aka kafa a 1979, ita ke shirya gasannin duniya har yau. Kamfanin Traxxas na jihar Texas, wanda aka kafa a 1986, shi ya yi fice wajen sayar da motar da aka riga aka haɗa, sai dai mutum ya yi cajin batir ya fara tuƙi.

Yadda take aiki

Abin da matuƙi ke riƙewa a hannu yana aika saƙo ta iska zuwa wani ƙaramin akwati da ke cikin motar. Wannan akwati ne ke raba umarni gida biyu. Ɗaya ya tafi wurin ƙaramin injin da ke juya sitiyari, ɗayan kuma wurin na'urar da ke daidaita yawan wutar da batir ke ba inji. Motocin da suka yi aiki da zango irin 27 MHz, kuma idan mutum biyu suka haɗu a zango ɗaya, rimot ɗin wani na iya kwashe motar wani. Tsarin 2.4 GHz da ya shigo a tsakiyar shekarun 2000 ya kawar da wannan matsala, domin kowane rimot yana ƙulle ne da motarsa.

Inji iri biyu ne. Akwai na lantarki, akwai kuma mai ƙona mai, wanda ke shan gaurayen sinadarin metanol da naitirometen da man shafawa, yana ƙara da hayaƙi kamar ƙaramin babur. Na lantarki ya fi yawa a yanzu saboda ba ya buƙatar saiti kullum.

Haɗa sabuwa daga kwali

Wanda ya sayi wadda ba a haɗa ba zai tarar da jakunkunan kusoshi da sassan roba da littafin zane. Aikin yakan ci yini ɗaya ko biyu. Amfaninsa shi ne duk ranar da wani abu ya karye, mai ita ya san inda yake da yadda ake isa gare shi. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne matse kusa fiye da kima a cikin roba har ramin ya zarce. Bodin da yawancin motocin ke zuwa da shi garau yake kamar gilashi, kuma daga ciki ake fesa masa fenti, domin robar ta kare fentin daga ƙarzuwa.

Farfaɗo da tsohuwa

Yaran shekarun 1980 sun girma sun sami abin hannu, suna neman motocin da suka mallaka a da, ko waɗanda iyayensu ba su iya saya musu ba. Motar da ta shekara 40 a ɗakin ajiya takan fito da taya a tsattsage, giris ya daskare a cikin giya, roba ta yi rawaya ta bushe, tsohon batir kuma ya zubar da gishiri ya ci wayoyi.

Masu aikin sukan fara da ɗaukar hoto kafin su warware komai, sannan su wanke sassan roba da ruwan ɗumi da sabulu. Ba a kusantar tsohuwar roba da fetur ko tina, domin suna narkar da ita ko su sa ta tsage. Haka nan kusoshin Japan suna da nasu ma'auni, kuma sukundireban da bai dace ba yana cinye kansu.

Daga nan mai mota zai yanke shawara mai wuya. Masu tara kayan tarihi sun fi daraja motar da komai nata na asali ne, har kwalinta. Amma tsohuwar roba ba ta jure karo, kuma fita ɗaya na iya karya abin da aka daina ƙerawa. Tamiya ya sassauta wannan da ya sake fitar da Hornet a 2004 da Grasshopper a 2005. Sassan sababbin da dama suna shiga tsofaffin, don haka wasu ke ajiye ta asali a kanta, su sayi sabuwa domin tuƙi. Wannan ya kawo wata matsalar ga mai saye, domin ana iya cika tsohuwar mota da sababbin sassa a sayar da ita da kuɗin ta asali.

Ƙarin ƙarfi da haɗarinsa

Gyaran da ya fi kowanne riba shi ne mafi araha: cire bushin ɗin roba ko tagulla a sa boris. Taya ta fi juyawa cikin sauƙi, batir ya fi daɗewa. Bayansa sai shokozoba mai mai, sai musanya tsohuwar na'urar gudu mai zafi da ta zamani.

Inji ne ke ruɗar mutane. Grasshopper ta zo da ƙaramin inji mai lamba 380, ana iya sa mata mai lamba 540 irin na Hornet. Injin zamani marar buroshi ya fi waɗannan ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da irin wannan fasaha ne Ba'amurke Nic Case ya zarce mil 200 a sa'a a 2014. Sai dai giyar da aka ƙera a 1984 ba a yi ta domin wannan ƙarfi ba. Haƙoranta za su zube, ko injin ya ɗauki zafi ya ƙone idan aka sa masa giyar da ta fi ƙarfinsa.

Batir ne wurin da kuskure ke iya wuce asarar kuɗi. Tsohon batir mai bolt 7.2 yana da nauyi amma yana da haƙuri. Na zamani da ake kira LiPo ya fi sauƙi da ƙarfi, amma yana da ƙa'ida: kowane ɗaki nasa ba ya wuce bolt 4.2 wajen caji, ba a barinsa ya sauka ƙasa da bolt 3, kuma a kusan 3.8 ake ajiye shi idan za a daɗe ba a yi amfani da shi ba. Idan ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Ba a barinsa a caji a tafi barci, ba a kuma barinsa cikin motar da aka ajiye a rana, abin da ya kamata mazauna ƙasashe masu zafi irin namu su fi kowa kiyayewa.

Ga mai son farawa, tambayar da ta fi muhimmanci kafin biyan kuɗi ita ce ko ana samun kayan gyaran motar, da kuma nawa ne kuɗin kawo su. Ya kuma sani cewa yawancin motocin da ake haɗawa ba sa zuwa da rimot da batir da caja, sai an saye su daban.