Yadda tsuntsaye ke tashi sama, da abin da hakan ke jawo wa manoma

Da zarar gero da dawa sun fara ƙosawa a yankunan Anka da Gummi da Bukkuyum na jihar Zamfara, hankalin manoma kan koma sama, saboda fargabar tsuntsayen nan da ake kira jan-baki.

Nauyin jan-baki ɗaya bai wuce kimanin giram 20 ba, amma yana iya cin tsabar da ta kai rabin nauyinsa a yini guda.

Masana sun ce wannan ci yana da nasaba da tashi sama, domin aiki ne mai cinye ƙarfin jiki ƙwarai da gaske.

Sirrin tashin yana ga fiffike. Samansa a lanƙwashe yake, don haka idan iska ta bi ta kansa sai ya karkatar da ita zuwa ƙasa, matsin iskar da ke sama ya ragu, wanda ke ƙasa ya ɗaga tsuntsun. Kaɗa fiffiken kuma shi ke tura shi gaba, wutsiya na taimakawa wajen juyawa da sauka.

Tsokar ƙirji ce ke yin wannan aiki. Duk wanda ya taɓa feɗe zabo ko tantabara ya ga wani ƙashi mai tsini a tsakiyar ƙirji, wanda tsokar ke manne da shi. Jimina ba ta da wannan tsini, ga kuma nauyin da kan haura kilo 100, shi ya sa sai dai gudu.

Sauran jikin ma an rage masa nauyi. Ƙasusuwa da dama suna da rami a ciki, kuma babu haƙora, ƙundu ne ke niƙa abinci. Baya ga huhu, akwai jakunkunan iska da ke sa sabuwar iska ta riƙa ratsa huhun ba yankewa.

Manyan tsuntsaye kuwa dabara suke yi. Shamuwa, wadda ke zuwa daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, takan baza fukafukai ne a kan iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa idan rana ta take, ta yi ta kewaya har ta yi nisa sama. Haka ungulu ma ke yi, ko da yake ganinta ya yi wuya yanzu.

Jan-baki kuwa sai ya yi ta kaɗa fukafukai, kuma ya kan yi tafiyar kilomita masu yawa daga makwancinsa zuwa gona.

Saboda haka buga gwangwani da jifa da majajjawa ba sa wuce mayar da garken gonar maƙwabci. Jami'an aikin gona kan nemi makwancin ne, galibi a bishiyoyi da ciyayin bakin ruwa, su yi feshi da almuru bayan tsuntsayen sun taru.