Kai a Rufe, Ƙafa a Waje: Mai Keke da Sanyin Hunturu a Gombe

Da asubahin watan Janairu, tun kafin hazo ya yaye, masu keke ne ke fara motsi a titunan GRA ta Gombe. Ga mai gadin da ya kwana a bakin ƙofa zai koma gida Pantami ko Jekadafari, ga mai ban ruwan fulawa yana shigowa daga Bolari, ga mai raba burodi ya ɗaure kwali a kariya, ga ɗalibai, sai kuma 'yan tsirarun mazauna unguwar da likita ya ce su riƙa motsa jiki. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mutane da dama a garuruwan Arewa suka jingine babur suka kakkaɓe tsohon keke. Shigar waɗannan bayin Allah kusan iri ɗaya ce. Hular sanyi har kunne, rawani ko ƙyalle ya rufe hanci saboda ƙura, jaket ɗin gwanjo a kan suwaita. Amma da ka sauke ido ƙasa sai ka ga silifas na roba, yatsu a waje, diddige ya yi fari fat. An yi wa kai da ƙirji gata, an bar gaɓar da ta fi kowacce shan ɗari a kan keke. Kuma abin da ke ƙandarar da ƙafar nan ba ƙarfin sanyin Gombe ba ne shi kaɗai. Danshi ne da iska da matsi, ukun nan kuwa maganinsu bai fi ƙarfin aljihun talaka ba.

Dalilin yana cikin yadda aka halicci jiki. Zafin cikin ɗan Adam yana zaune ne a wajen digiri 37, kuma jiki ba ya wasa da wannan ma'auni, domin zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa ba sa aiki daidai idan ya sauka. Da zarar fata ta ji sanyi, sai ƙananan hanyoyin jinin da ke hannu da ƙafa su tsuke, a rage jinin da ke zuwa can don a tattala ɗumi a tsakiya. Yatsun ƙafa su ne mafi nisa daga zuciya, ba su da tsoka mai yawa, ba su da kitse sosai, saboda haka su ake fara sadaukarwa. Mai tafiya a ƙasa yana da sauƙi, domin kowane taku yana lanƙwasa tafin ƙafa ya matsa shi, jini ya zaga. Mai keke kuwa cinya da sha-raɓa ne ke masa aiki, tafin ƙafa na kwance a kan feda, kusan ba ya motsi. Shi ya sa mutum zai iso wurin aiki bayansa ya jiƙe da gumi, amma babban yatsansa ko an taka ba zai ji ba. In fedar ta ƙarfe ce wadda robarta ta zube, kamar yadda ake gani a tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix, to ita ma tana zuƙe ɗumi ta cikin siririn silifas.

Sai iska. A tsakiyar hunturu sanyin asuba a Gombe kan sauka zuwa wajen digiri 13 ko 15, da rana kuma ya haura 30. Wanda ke tsaye a inda babu iska zai jure wa digiri 14 ba wahala, domin akwai 'yar iska mai ɗumi da ke lulluɓe da fata. Mai keke da ke tafiyar kilomita 15 ko 20 a awa ɗaya yana yi wa kansa iska ne, tana share wannan lulluɓi ba tsayawa, idan kuma ya fuskanci arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa daga Sahara, sai biyun su haɗu. Wasu masu bincike 'yan Amurka, Paul Siple da Charles Passel, sun auna wannan a yankin ƙanƙara na Antatika, suka wallafa sakamakonsu a 1945, inda suka nuna cewa gudun iska na ƙara saurin da abu ke rasa zafinsa. Yanayin garin Gombe ma ya taimaka wa sanyin. Garin a kwari yake, wanda ya taso daga tudun Tunfure gangara zai yi ta sha, a gangara kuwa ba a tuƙi, ƙafa na zaune cik a daidai lokacin da iska ta fi ƙarfi. GRA kuma da faɗin titunanta da manyan filaye da itatuwa ba ta riƙe ɗumin dare kamar cunkusassun unguwannin cikin gari.

Babban abin da aka fi yin sake da shi shi ne ruwa. Yawancin masu fita da wuri daga sallar asuba suke hawa keke, ko kuma sun watsa ruwa suka fito, ƙafa ba ta bushe ba, musamman tsakanin yatsu. Ruwa yana janye zafi daga fata fiye da iska sau ashirin da wani abu. Ƙari a kan haka, iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, saboda haka ruwan da ke kan fata yana tashi da sauri, kuma duk ɗigon da ya tashi da ɗumin jiki yake tafiya. Hikimar da ke sa ruwan tulu ya yi sanyi ƙarara idan aka ajiye shi a mashigar iska, ita ce ke aiki a kan jiƙaƙƙiyar ƙafar mai keke. Minti ɗaya na goge ƙafa da tsumma kafin a fita ya fi ƙarin suwaita amfani.

Wani zai ce ai wannan surutu ne na mutanen Turai, mu nan ba ƙanƙara muke yi ba, kakanninmu ma da ƙafa a waje suka yi noma da fatauci. Gaskiya ne sanyin Gombe ba ya kaiwa inda jini zai daskare yatsa ya mutu, kuma bai kamata a tsorata mutane da abin da ba zai same su ba. Sai dai ba sai an kai ga ƙanƙara sanyi ke yi wa ƙafa illa ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, dubban sojoji a ramukan yaƙi na Faransa da Beljiyam ƙafafunsu sun lalace, alhali sau da yawa sanyin bai kai na daskarewa ba, jiƙa ce ta kwanaki da matsattsen takalmi suka yi ɓarnar. Mai kekenmu ba zai kai can ba, amma hanyar ɗaya ce. Abin da ke samunsa a zahiri shi ne faso, diddige ya tsage har ya yi jini, ƙura ta shiga. Ga mai lafiya wannan ciwo ne na mako biyu. Ga mai ciwon suga kuwa, wanda jijiyoyin ƙafarsa suka fara mutuwa, ƙaramin tsagu na iya zama gyambon da zai kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Ga mai sikila, sanyi na cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ciwon, Nijeriya kuma ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da wannan larura. Har wanda ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, ƙafar da ta ƙandare ba ta jin feda, tana zamewa, kuma ba ta dira da kyau idan ɗan acaɓa ya yanko gabansa.

To me za a yi? Takalmi rufaffe shi ne farko, kambas ko sau-ciki, ko na gwanjo ne, domin aikinsa tare iska. A ciki a sa safa mai kauri ta ulu ko mai haɗin ulu, wadda ke riƙe ɗumi ko ta ɗan ji gumi, saɓanin ta auduga zalla da ke shan ruwa ta manne wa fata. A nan ne masu niyyar kirki ke kuskure: sai mutum ya jera safa biyu ko uku ya tura ƙafa cikin takalmin da dama daidai yake da shi, ya ja igiya tamau. Ya toshe ɗan jinin da ya rage ke nan, ya kuma matse iskar da ke cikin saƙar safar, wadda ita ce ainihin mai riƙe ɗumi. Ma'aunin mai sauƙi ne, in yatsu ba sa iya motsi a ciki, to takalmin nan sanyi zai ƙara. Wanda kambas ɗinsa ke da ƙofofin shan iska yana iya naɗe kan yatsu da guntun leda ko takardar jarida a kan safa, amma kan yatsu kaɗai, domin ledar da ta rufe ƙafa duka gumi za ta tara. Ba abin kunya ba ne. 'Yan tseren keke na Tour de France sun daɗe suna cusa jarida a ƙirjin riga idan za su gangaro daga kan duwatsu. A birnin Oulu na ƙasar Finlan yara na zuwa makaranta a kan keke cikin dusar ƙanƙara, sanyi yana ƙasa da sifiri da digiri 20, kuma cikin dabarunsu akwai busasshiyar safa ta ulu da takalmi mai yalwa. Saboda faso kuma, a shafa man kaɗanya ko basilin a diddige da daddare. Wando ma ya zama mai kauri, domin jinin da ya ratsa ta sanyayyar ƙwauri a sanyaye zai isa yatsu.

Ƙorafin da ya fi na masu cewa mu nan ba ƙanƙara muke yi ba ƙarfi shi ne na sallah da na zafin rana. Mutumin da zai yi alwala sau biyar yana ganin safa da igiyar takalmi wahala ce, ga shi ƙarfe goma na yi rana ta buɗe, ƙafa ta fara gumi. Wannan magana ce mai ma'ana, kuma ita ce ainihin dalilin da silifas ya yi mana kane-kane. Amma sanyin da ake magana a kai na awa biyu ne ko uku, daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan isha'i ga masu aikin dare. Tsakanin asuba da azahar babu sallar farilla. Mutum na iya sa takalminsa ya yi tafiyarsa, silifas na ɗaure a kariya, yana isa ya sauya. Addini ma bai bar wannan ba bayani, domin a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai babi sukutum a kan shafa a kan huffi, wato safar fata da aka sa bayan cikakkiyar alwala. Sharuɗɗanta, da saɓanin da ke kan safar yadi, wannan sai a koma wurin malamai.

Akwai kuma abin da ake yi bayan an sauka. Al'adar ita ce a nufi wutar mai shayi ko ta masu gadi a miƙa ƙafa dab da garwashi. Fatar da ta ƙandare ba ta jin zafi da wuri, tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba, mai ciwon suga kuwa wannan haɗari ne babba gare shi. Ya fi kyau a ɗan taka a ƙasa, a motsa yatsu, a sha shayi mai zafi, ɗumin ya taso daga ciki. A kan hanya ma, in yatsu sun mutu, a sauka a tura keken na 'yan mintuna.

Ku kuma masu gidajen GRA da kuka saba saya wa mai gadi bargo da jaket idan hunturu ya shigo, bana ku dubi ƙafarsa. Ku tambaye shi lambar takalminsa, ku ƙara ɗaya a kai saboda safa, ku haɗa masa da safar ulu ƙafa biyu domin ya riƙa sauyawa.