A Daina Raina Masu Yi Wa Yara Wasan Kwaikwayo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wata sana'a da jama'a suka ɗauka shiririta ce, alhali kuwa da ita muke ci muke sha a gidanmu.

Maigidana ɗan wasan kwaikwayo ne, amma ba na fim ba. Shi da abokan aikinsa makarantun firamare suke bi a cikin birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga, su ɗaura zani ya zama labule, su yi wa yara wasa ido da ido. Kasuwarsu takan buɗe ne a ƙarshen zangon karatu lokacin rabon kyaututtuka, da Ranar Yara ta 27 ga Mayu, da kuma shagulgulan Sallah. Wasan ba ya wuce rabin awa, amma sai sun shafe mako biyu suna gwaji. Kayan wasan kuwa, irin su gemun auduga da rigar boka, ni nake ɗinka su da kekena.

Malam Edita, abu biyu ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na farko raini. In aka tambaye ni aikin maigida a gidan biki na faɗa, sai a yi murmushi a ce, "To, ban da wannan fa, me yake yi?" Na biyu hakki. Wata makarantar kuɗi ta gayyace su bikin yaye ɗalibai, ta sallami mai rumfa da mai kujeru da mai lasifika nan take, su kuwa aka ce su dawo jibi. Yau wata biyar ke nan jibin bai zo ba. Shin ɗan wasa ba ya cefane ne?

Ya kamata masu rainin su san cewa wannan aiki yana da asali. Tun kafin zuwan boko, yaranmu suna fita tashe daga daren goma ga watan azumi, suna yin Macukule da Jatau Mai Magani, ana dariya ana ɗaukar darasi. Da boko ya zo ma bai yar da abin ba. A 1930 Dokta R. M. East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin makarantu. A 1949 Abubakar Tunau ya wallafa Wasan Marafa, wanda ya koya wa ɗalibai tsabta da kiwon lafiya. Ga kuma namu na gida, Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, wanda littafinsa Kulɓa Na Ɓarna na 1979 ya ja kunnen 'yan mata 'yan makaranta game da yaudarar masu kuɗi. Waɗannan duka 'yan shiririta ne?

Abin da ya rage wa dandamali armashi shi ne zuwan fim ɗin bidiyo. Tun da Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, 'yan wasa da yawa suka koma gaban kyamara, domin can kuɗi da suna suke. Ba na ganin laifinsu, amma fina-finan na manya ne, an bar yara da kallon abin da ba don su aka shirya ba. Yanzu kuma ga wayar hannu, yaro ya duƙufa a kanta shi kaɗai. Wasan dandamali ya sha bamban da wannan: yaro zai ga abin da rashin wanke hannu ko satar jarrabawa ke jawowa, a tambaye shi ya amsa, wani lokaci ma a kira shi ya hau ya yi da kansa, malaminsa na zaune yana kallo. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da hukumar kula da ilimin firamare da su yi wa waɗannan ƙungiyoyi rajista, su kuma shirya gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantu duk shekara. Shugabannin makarantu su riƙa yin ciniki a rubuce, su ba da kafin alƙalami. Su kuma 'yan wasan, su tsare mutuncin sana'arsu, su guji batsa da zambo a gaban yara, su kiyaye lokacin salla.

Allah Ya sa wannan kira ya kai kunnen waɗanda abin ya shafa, amin.

Daga uwargidan wani ɗan wasa,
Unguwar Ƙofar Ƙaura, Katsina.