Rumfa a Legas, Saiwa a Zariya

Duk watan Nuwamba, harabar otal ɗin Federal Palace da ke unguwar Victoria Island a Legas kan koma kasuwa ta 'yan kwanaki. Ana yanka wurin gida-gida da fararen alluna, kowane gida da sunan mai shi a sama. Wannan shi ne ART X Lagos, baje kolin zane-zane da sassaƙe-sassaƙe da Tokini Peterside ta kafa a 2016. Wanda ya taɓa shiga baje kolin Kaduna ba zai yi baƙunta sosai ba: ga rumfa, ga mai rumfa, ga haja, ga mai tayi. Sai dai a nan abin da ke rataye a bango guda na iya cinye kuɗin gida sukutum.

Masu rumfunan ba su ne masu zanen ba. Gidajen zane ne, kuma gidan zane dillali ne, uban ɗaki ne a lokaci guda. Shi ke ɗaukar mai fasaha a hannunsa, ya nema masa masu saye, ya buga masa littafin ayyukansa, ya yanke farashi, wani lokaci har ya ba shi na sayen fenti kafin a yi ciniki. Shiga baje koli kuwa ba a kyauta ake yi ba. Gidan zai nemi gurbi, masu shirya taron su tantance shi, ya biya hayar rumfa gwargwadon faɗinta, sannan ga kuɗin ɗaure kaya, da sufuri, da inshora. Shi ya sa idan aka sallama sabon aiki, abin da aka fi sabawa da shi a duniya shi ne a raba kuɗin biyu tsakanin gidan da mai zanen. La'adar ta yi nauyi a kunnen ɗan kasuwar Kwari, amma wanda ya ɗauki asara idan an tashi ba ciniki, shi ne dai mai rumfar. Ranar farko ta masu katin gayyata ce, manyan masu saye da wakilan gidajen tarihi. Kafin sauran jama'a su shigo, sau da yawa an riga an manna ɗan jan ɗigo kusa da mafi kyawun kayan, alamar an sayar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda wasu gidajen ke jera hajarsu. Sukan haɗa zuriya biyu a rumfa ɗaya. Akwai 'yan mazan jiya, waɗanda suka yi tashe daga gab da samun 'yancin kai zuwa shekarun 1970, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Akwai kuma masu tashe yanzu, waɗanda fentin wasunsu bai daɗe da bushewa ba. Masana harkar suna da suna daban ga kowane rukuni, kasuwarsu ma daban take. Aikin matashi daga ɗakin aikinsa yake fitowa, hannun farko. Aikin mamaci kuwa sai an bi gidajen magada da tsofaffin masu tarawa, kuma ba ya ƙaruwa, sai dai ya ragu.

To me ya sa ake haɗa su? Tsoho ne ke tsaya wa yaro. Idan mai rumfa ya rataye zanen ɗan shekara talatin kusa da na Ben Enwonwu, yana faɗa wa mai saye ne, ba tare da ya buɗe baki ba, cewa wannan yaron ɗan gidan nan ne, kuma wata rana kuɗinsa zai bi sahu. Masu saye kuwa ba su manta da watan Fabrairun 2018 ba, lokacin da gidan gwanjo na Bonhams a Landan ya sayar da "Tutu", hoton wata gimbiyar Ife da Enwonwu ya zana a 1974, kan fam miliyan 1.2. An shafe shekaru ba a san inda zanen yake ba, sai aka tsince shi a wani gida a arewacin Landan. Tun daga ranar, duk mai tsohon zanen Nijeriya a bango ya fara kallonsa da wani ido.

Ina ganin alheri a wannan haɗin, domin yana tuna wa matashi cewa yana da iyaye a sana'ar. Amma akwai abin tsoro. Inda farashi ya zama ma'aunin gwaninta, mai zane kan koma maimaita abin da ya karɓu, kamar mai tuyar da ya gane ƙosai kaɗai ake saye. Akwai kuma matsalar jabu. Da zarar sunan mamaci ya yi tsada, sai zane-zanen da bai taɓa gani ba su fara fitowa da sa hannunsa. Shi ya sa gidan kirki ba ya rataye tsohon aiki sai da silsilarsa: wa ya fara saye, daga hannun wa ya koma hannun wa, a wane nuni aka taɓa ganinsa.

Bi silsilar nan baya, sau da yawa za ka tsinci kanka a Zariya. A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne, cikin 1958, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Tawayen nasu na aji ne. Yawancin malamansu Turawa ne, manhajar ta Ingila ce, su kuwa suka ce za su karɓi dabarar Bature amma su zuba mata abin gida. Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Bruce Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo ya mayar da su zanen bugawa. Yusuf Grillo ya shahara da shuɗin launinsa da matan Legas. Demas Nwoko ya karkata ga gini, har aka ba shi babbar lambar yabo ta taron gine-gine na Venice a 2023. Tsaransu Jimo Akolo ya zauna a jami'ar yana koyarwa shekaru da dama, kuma mahaya dawakinmu na cikin abubuwan da ya zana. Sashen bai mutu ba. Gani Odutokun ya koyar a can har rasuwarsa a hatsarin mota a 1995, Jerry Buhari ma a can ya yi suna.

A nan ne abin ke yi mini ciwo. Mu 'yan Arewa mu muka ba da masauki, a ƙasarmu aka dafa, amma idan aka zo rabon tuwo ba ma wurin. Gidajen zanen Nijeriya da ke da ƙarfin kama rumfa yawancinsu a Legas suke, 'yan kaɗan a Abuja. Ɗalibin da ya gama a Samaru, in yana son ya ci abinci da sana'arsa, kudu yake nufa. Attajirinmu zai kashe miliyoyi a kan labule da fitilun Dubai, bangon falonsa kuwa sai agogo.

Na san amsar da za a ba ni: addini. Magana ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Amma wanda yake ƙyamar surar mai rai bai rasa abin saye ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo, daga harafin Larabci ya gina fasaharsa, kuma a 2013 gidan tarihin Tate Modern na Landan ya yi masa gagarumin nunin ayyukan rayuwarsa. Abdoulaye Konaté na Mali da ƙyallayen yadi yake aiki. Mu da muke da marinar Ƙofar Mata, da zayyanar allo, da aska takwas a ƙirjin riga, da dagi a goshin soro, ba mu ne za a koya wa kyan zanen da babu fuska a cikinsa ba. Abin da muka rasa shi ne mai tsayawa tsakanin gwani da kasuwa, ya rubuta sunan gwanin da shekarar aikin, ya adana, ya kai rumfa.

Tara kayan fasaha ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Matar da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, tukwanen ruwa take ginawa irin na Gwari, tana yi musu zanen ƙadangare da kifi da kunama. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga kyansu ya tara su a gidansa, a garin da yanzu ake kira Suleja. A can Bature maginin tukwane Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a garin, ita ce mace ta farko, kuma kafin ƙarshen shekarun 1950 tukwanenta suna jere a gidan zane na Berkeley a Landan. Ta rasu a 1984. Yau masu gwanjo a Turai suna rububin tukwanen nata, kuma kafin su sa farashi sai sun juya gindin sun nemi haruffa biyun da take dannawa a cikin yumɓu tun yana ɗanye.