"Maboul": Zagin da Faransawa suka aro daga bakin Larabawa

Ɗan kasuwar da ke ciniki da masu jin Faransanci, ko a Birnin Ƙonni ne ko Maraɗi ko Garwa, wata rana zai iya tsuga kuɗin kaya, mai saye ya dube shi ya ce masa "t'es maboul", wato kai mahaukaci ne. Kafin a kai ga cin kwala, ya kamata a san nauyin kalmar da inda ta fito.

Ana furta ta "mabul". A Faransanci ba kalmar asibiti ba ce, ba ta kotu ba ce. Ta hira ce, irin yadda mu kan ce wane notinsa ya kwance, ko kansa da motsi. Har wani wasan yara da ake sayarwa a Faransa sunansa Docteur Maboul. Ke nan wanda ya faɗa maka ita a kan farashi, galibi nufinsa ka cika tsada, ba wai a kai ka turu ba.

To amma asalinta ba Faransanci ba ne. Larabcin Arewacin Afirka ne, "mahbul". A shekarar 1830 sojojin Faransa suka kama birnin Aljiyas, kuma ba su bar Aljeriya ba sai 1962, shekara 132 ke nan. A wannan dogon zama sojoji suka riƙa tsintar kalmomi a kasuwa da bariki, suna komawa da su gida. Da yake harshen Bafaranshe ba ya iya furta harafin "h", sai ya haɗiye shi, mahbul ta koma mabul. Ta wannan hanya ce "toubib", likita, ta shiga daga "ɗabib", haka "bled", ƙauye, daga "balad". Har "baraka" suka ɗauka, wadda mu muka daɗe da ita a matsayin albarka, sai dai su sa'a suke nufi da ita.

Akwai wani abin dariya a nan. Kunnen Bafaranshe na jin kalmar kamar "ma boule", wato ƙwallona, ga shi kuwa suna kiran kai ƙwallo in suna wasa, har su ce wane ya ɓatar da ƙwallonsa idan ya zautu. Dacewa ce kawai, babu dangantaka.

Mu ma mun yi namu aron, amma ta hannun malamai. Majanuni daga "majnun" take, wanda aljannu suka taɓa. Ita mahbul ba ruwanta da iska. Tushenta "habal" ne, wauta da ƙarancin hankali. Shi ya sa a Masar da Sudan in an ce mutum "ahbal" ne, dolo ko gaula ake nufi.

Inda ake buƙatar hattara shi ne arewa. Masu bin hanyar Agadas zuwa Arlit da Assamaka har Tamanrasset za su tarar da kalmar a gidansu, da "h" ɗinta cikakke, kuma can ba ta yi laushin da ta yi a Faransa ba. Abokai kan jefi juna da ita cikin raha, amma baƙo ya ce wa dattijo mai shago "mahbul" a gaban yaransa, zagi ne tsagwaronsa, kuma zai iya rasa cinikin da ma masaukin. Mace "mahbula" ake ce mata, a Faransanci kuwa "maboule".