Sandan da Ya Ɗaga Anga, Ya Saita Igwa

Kafin injin tururi ya shiga jiragen ruwa, duk wani nauyi da ke cikin jirgi ƙarfin mutum ke motsa shi. Abin da ya sa hakan ta yiwu wani sanda ne da matuƙan Ingila ke kira hansifaik. Ya yi kama da taɓarya, sai dai ya fi ta tsawo, kusan tsayin mutum. Da itace mai tauri ake sassaƙa shi, kan da ake riƙewa a mulmule, ɗaya kan kuma mai kusurwa huɗu.

Dokar aikinsa tsohuwa ce, masanin Girka Arkimidis ya bayyana ta tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa: iya nisan hannu daga madogara, iya sauƙin nauyin.

Wajen ɗaga anga ne aka fi ganin amfaninsa. A gaban jirgin fatauci na wancan zamani akwai wani gungume a kwance, mai ramuka, wanda igiyar anga ke naɗewa a jikinsa. Sai ma'aikata su zura sandunan a ramukan, su danno su ƙasa da dukan nauyin jikinsu, su zare, su sake zurawa a ramin gaba. Wani ɗan ƙarfe yana cije gungumen don kada ya koma baya. Idan ƙarfen nan ya kuɓuce, nauyin anga kan fizge sandunan, su karya haƙarƙari ko hannun duk wanda ke kusa. Shi ya sa ake ba da waƙa, kowa ya danna a kan amshi ɗaya. A ganina gwanintar ta fi yawa a wannan haɗin hannu, domin ƙato ɗaya da ya saɓa wa 'yan'uwansa ɓarna kawai zai yi.

A jiragen yaƙi kuwa, igwa ake saitawa da shi. Manyan igwogin jirgin Victory, wanda kwamandan sojan ruwan Ingila Nelson ya jagoranci yaƙin Trafalgar a kansa a 1805, kowace ta kusa tan uku. Da sandan ake ɗaga gindin igwa a gyara katakon da ke tallafe da ita, bakin ya yi sama ko ƙasa, da shi kuma ake muskuta ta dama ko hagu, cikin hayaƙi, jirgi yana tangaɗi.

A ƙarni na 19 sababbin na'urorin jan anga, daga baya kuma tururi, suka karɓe aikin. Victory yana garin Portsmouth na Ingila har yau, masu ziyara suna zagaya benayen igwoginsa.