Cheka: abin shan da ke tsayawa a matsayin tuwo

A kudancin Habasha, kusa da tafkin Chamo, al'ummomin Konso da Derashe suna dama cheka da dawa ko masara, wani lokaci da ganyen zogale, a bar shi ya yi tsami. Wanda ya ɗauke shi giya kawai bai fahimce shi ba. Manomin da ke gyaran katangun duwatsun gonakin Konso, waɗanda UNESCO ta karrama a 2011, da ƙwaryar cheka yake karya kumallo, ita ce kuma ake zagayawa da ita ranar gayya. Gaskiya ne yana bugarwa, kuma wannan abin damuwa ne. Amma hana shi ba tare da kawo madadinsa ba, raba ma'aikaci ne da abincinsa.